Dattawan Bauci Da Hawan Babur

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a zaurukan gidaje da yawa na birnin Bauci, wadda ba a taɓa kai ta gaban majalisa ba, ba a kuma taɓa jin ta a ɗakin shari'a ba, amma tana hana 'ya'ya barci, tana kuma ɓata wa iyaye rai. Gardamar kuwa ita ce ta maigida da babur ɗinsa. Maigida ya ba shekara 65 baya, wani ma ya haura 70, gemu ya yi fari fat, amma kullum garin Allah ya waye sai ya turo babur daga zaure, ya tattare babbar riga, ya nufi kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ko kuwa gonarsa da ke kan hanyar Dass. 'Ya'ya su durƙusa su ce, "Baba, don Allah a huta haka nan." Shi kuwa ya dube su ya ce tun kafin a haife su yake hawa, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Daga nan magana ta mutu, sai ranar da aka ji labarin wani dattijo ya faɗi a shataletale, sa'an nan a sake tayar da ita.

Abin da ya sa wannan gardama ta ƙi ƙarewa shi ne kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Tsoron da 'ya'ya suke yi yana da dalili, ƙin saukar da uba yake yi shi ma yana da nasa. Saboda haka ya kamata a zauna a auna al'amarin da ma'aunin hankali, tun daga yadda babur ya shiga rayuwar waɗannan bayin Allah har zuwa abin da shekaru suke yi wa jikin mahayi.

Da fari dai, ya kamata matasan yau su san cewa babur ɗin da suke gani kamar abin hawan talaka, a da ba haka yake ba. A zamanin En'e, wanda ya mallaki keke Raleigh ma ana lissafa shi cikin masu hali, balle mai babur. Al'amura sun juya ne a tsakiyar shekarun 1970. Cikin 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a kan albashin ma'aikata, cikin 1975 kuma aka biya ƙarin tare da ariyas, kuɗi suka shiga hannun ƙananan ma'aikata irin yadda ba su taɓa gani ba. Ba a daɗe ba, a watan Fabrairu na 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Bauci, garin da Malam Yakubu ya kafa tun 1809 ya zama hedkwatar jiha. Ma'aikatu suka buɗe, ma'aikata suka kwararo, gwamnati kuma tana ba da rancen sayen abin hawa ana cirewa a albashi. A lokacin ne Honda Benly da Vespa da Suzuki da Yamaha suka cika titunan gari. Malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti da akawu, kowa burinsa ya ga ya kafe nasa a ƙofar ofis. Saurayin da ya je zance a kan Vespa kuwa, ba a tambayar ko yana da abin yi.

To, saurayin da ya sayi babur da kuɗin Udoji yana da shekara 22, yau ya haura 70. Watau ya yi shekara 50 yana hawa. Wanda ya yi irin wannan daɗewa da abu, ba a raba shi da shi da magana ɗaya, ko da kuwa maganar gaskiya ce.

Sai dai kuma titin da ya koyi hawa a kansa ya riga ya tafi. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi, mota ta fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci, motocin haya na cikin gari suka yi ƙaranci, sana'ar acaɓa ta samu gindin zama. Daga baya babura masu araha irin su Jincheng suka shigo daga ƙasar Sin, Bajaj kuma daga Indiya, har ya zama yaron da ya koyi hawa jiya, yau yana ɗaukar fasinja. Da aka hana acaɓa a Jos, aka kuma hana a Kano cikin watan Janairu na 2013, mahaya da yawa suka nemi garuruwan da ba a hana ba, Bauci kuwa tana cikinsu. Cikin 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin jihar ita ma ta ba da sanarwar hana sana'ar, ta kuma ƙarfafa shigo da Keke Napep, wanda ya zo ya ƙara nasa cinkoson. Gari ya faɗaɗa ya bar ganuwa da ƙofofinta a baya, daga Ƙofar Ran da Ƙofar Wambai har Yelwa da Gwallameji da Fadaman Mada. Manyan hanyoyin Jos da Gombe da Maiduguri da Kano duk a cikin garin suke haɗuwa, tireloli da tankokin mai da tifofin yashi suna ratsawa dare da rana. Dattijon da ke cewa shekara 50 bai taɓa faɗuwa ba, gaskiya ya faɗa, amma yawancin shekarun nan a wani titi dabam ya yi su.

Duk da haka, masu cewa dattijo ya ajiye babur kawai ya zauna a gida, ba su dubi halin da yake ciki ba. Ma'aikacin gwamnati yana barin aiki ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, alhali kuwa sau da yawa yana da 'ya'ya ƙanana a makaranta, ga jikoki, ga marayun dangi. Kuɗin fansho ba ya kai wata, garatuti kuwa a jihohi da dama sai mutum ya yi shekaru yana jira. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Dattawa da yawa da suka yi shekaru da barin babur suka koma mota, a wannan lokaci ne suka lulluɓe motar da tamfol, suka kakkaɓe tsohon babur, domin litar da za ta kai mota wani wuri, za ta kai babur ninkinsa uku ko huɗu. Wannan rukuni ma ya fi zama abin tsoro, domin hannunsu ya riga ya manta, amma zuciyarsu tana gaya musu suna nan yadda suke a da.

Bayan maganar aljihu kuma akwai ta mutunci. Rayuwar dattijon Bahaushe a kan zirga-zirgar zumunci take. Yau jana'iza a Jahun, gobe ɗaurin aure a Nasarawa, jibi dubiya a asibiti, ga gaisuwar mutuwa, ga sulhu tsakanin ma'aurata, ga karatu a zauren malam bayan La'asar. Babur shi ne ƙafar da yake cika waɗannan haƙƙoƙi da ita ba tare da ya roƙi kowa ba. Ranar da aka karɓe makulli, daga ranar ya zama mai jiran yaro ya dawo daga yawo kafin ya je inda yake so. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin cewa tsohon da aka killace a gida, aka yanke shi daga abokansa, jikinsa da tunaninsa sukan yi saurin lalacewa. Har ila yau, in an hana shi hawa da kansa, mafi yawan lokaci bayan ɗan acaɓa zai hau, yaro ɗan shekara 19 wanda ke tseren cika kuɗin balas kafin Magariba. Da wuya a ce an rage masa haɗari da wannan canji.

Amma fa jiki magayi ne, kuma ba ya jin lallashi. Abu na farko da shekaru suke taɓawa shi ne ido. Masana sun nuna cewa hasken da ke isa cikin idon mai shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Shi ya sa dattijon da ke gani sarai da hantsi, da zarar rana ta faɗi sai rami da inuwa su zama ɗaya gare shi, in kuma mota ta haske shi da fitila sai ya ɗauki lokaci kafin ganinsa ya dawo. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, kimanin mutum 4 cikin 100 makafi ne, a shiyyar arewa maso gabas kuwa, inda Bauci take, adadin ya kai 6 cikin 100, ya fi na kowace shiyya. Yanar ido ce kan gaba, da kimanin kashi 43 cikin 100 na makantar, sai hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ita yana a hankali take rufe ido, kamar hazo. Shi kuwa hawan jinin ido ya fi mugunta ga mahayi, domin ganin gefe yake fara ci, ba ciwo ba ƙaiƙayi, mutum yana ganin gabansa tar, amma yaron da ya fito da gudu daga lungu ta hagu, sai ya zo gaban taya za a gan shi.

Na biyu shi ne saurin motsi. Babur da ke tafiyar kilomita 40 a awa yana cin kimanin mita 11 a kowace daƙiƙa. In tsufa ya ƙara wa mahayi jinkirin rabin daƙiƙa kaɗai tsakanin ganin abu da taka birki, ya riga ya ci mita 5 da ɗoriya kafin birki ya fara aiki. Wannan tazara ita ce tsakanin "Allah Ya kiyaye" da "Allah Ya ba da lafiya". Wuya kuma yakan ƙage, waiwaye ya yi wahala, kunne ya rage jin odar mota daga baya. Ƙarfin tsoka yana raguwa a hankali tun daga shekara 30, in an wuce 60 kuma raguwar ta ƙara sauri, shi ya sa faɗuwar dattawa da yawa ba a kan gudu take faruwa ba. A tsaye take faruwa, ko wurin juyawa a cikin yashi, lokacin da babur ya karkata ƙafa ta kasa tare shi.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar. Wani bincike da masana na Jami'ar Brown ta Amurka suka buga cikin 2013, bayan sun duba bayanan waɗanda suka ji rauni a kan babur daga 2001 zuwa 2008, ya nuna cewa mahayi mai shekara 60 zuwa sama ya ninka ɗan shekara 20 zuwa 39 sau uku wajen yiwuwar a kwantar da shi a asibiti, ya kuma ninka shi sau biyu da rabi wajen samun mummunan rauni. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya karkaɗe wando ya wuce, ita ce za ta karya wa dattijo haƙarƙari ko ƙugu. Karayar ƙugu kuwa ga tsoho babbar magana ce, domin doguwar kwanciya takan jawo ciwon huhu da gyambon baya da daskarewar jini a ƙafa. Akwai kuma bugun kai wanda ba ya nuna alama nan take. Dattijo ya faɗi, ya tashi ya ce ba komai, bayan mako uku ko huɗu a ga ya fara mantuwa, ko yawan barci, ko jan ƙafa, a ce tsufa ne ko iska, alhali kuwa jini ne yake taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai, abin da likita zai iya cirewa in an kai shi da wuri.

Daɗin daɗawa ga magunguna. Maganin hawan jini yakan sa jiri, musamman in an miƙe tsaye da sauri. Mai ciwon sukari da ya sha magani bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa yana tsakiyar titi, gani ya dushe, hannu ya kama rawa. Wasu magungunan mura da na tari suna kawo gyangyaɗi. Duk wanda ke shan irin waɗannan, wajibi ne ya gaya wa likitansa cewa yana hawan babur, ya kuma tambaye shi lokacin da ya dace ya sha.

Shin wannan duka yana nufin akwai wata shekara da in an kai ta dole a sauka? Abin da aka gani a wasu ƙasashe bai nuna haka ba. Cikin 1967 wani mutumin New Zealand mai suna Burt Munro, yana da shekara 68, ya kafa tarihin gudu a filin gishiri na Bonneville a Amurka, a kan wani babur ƙirar 1920, ya yi kusan kilomita 296 a awa. Cikin 2007 wasu tsofaffi 17 a tsibirin Taiwan, waɗanda matsakaicin shekarunsu 81 ne, suka kewaye tsibirin a kan ƙananan babura, tafiyar kilomita 1,178 cikin kwana 13. Amma a lura, shi na farkon a fili ya yi gudunsa, inda babu tirela babu akuya, su kuma na biyun da 'yan rakiya da masu kula da lafiya suka yi tafiyarsu. A Ingila ba a ƙwace wa mutum lasin don ya tsufa, sai dai in ya cika shekara 70 dole ya riƙa sabunta shi duk bayan shekara 3, yana bayyana halin lafiyarsa. A Japan mai shekara 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa, tun 1998 kuma suka buɗe hanyar da tsoho zai mai da lasin ɗinsa da kansa in ya ga lokaci ya yi. Watau lafiyar mutum suke aunawa, domin akwai mai shekara 72 da ya fi wani mai 55 gani da ƙarfi.

Ba ma sai an je Ingila ko Japan neman wannan hikima ba, domin tana nan a ƙofar fadar Bauci duk ranar hawan Salla. Hakimai da masu sarauta da yawa da ke hawa dattawa ne, ba a kuwa taɓa jin an ce wane ya tsufa, a hana shi doki ba. Abin da ake yi shi ne a zaɓa masa doki mai sanyin hali, a ɗaura sirdi da kyau, a sa zagage su riƙe linzami suna tafe a gefensa, a bar wa samari sukuwa da jahi. Mutanen da suka san cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ba su sauke dattijo ba, ba su kuma bar shi ya yi hawan yara ba. Wannan tsari shi ya kamata a ɗauko a ɗora a kan babur.

Doki mai sanyin hali a nan shi ne ƙaramin babur mara nauyi, irin wanda ake kira roba-roba, wanda mahayi zai sa ƙafafunsa biyu a ƙasa ba tare da ɗage ba, ba ya kuma bukatar a ɗaga ƙafa sama kafin a hau. Bai kamata dattijo ya ji kunyar hawansa don ana cewa na mata ne ba. Asalin wannan ƙira Honda Super Cub ne, wanda aka fara yi cikin 1958, ya zuwa 2017 kuma an ƙera guda miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya kai shi yawa a duniya. Sa'an nan a kula da lafiyar babur ɗin kansa: birki mai ci gaba da baya, taya mai zane, fitila mai haske, da madubai guda biyu. Al'adar nan ta cire madubi da zarar an sayi babur, in ta yi wa saurayi illa sau ɗaya, ta yi wa mai ƙagaggen wuya sau goma.

Sai kuma zaɓen lokaci da hanya. Hantsi ya fi almuru, hanyar cikin unguwa ta fi babban titi ko da ta fi nisa, domin sannu ba ta hana zuwa. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ko aka yi ruwa kwalta ta yi santsi, ko kuwa daf da shan ruwa cikin watan azumi lokacin da kowa ke gudu kamar ana korarsa, dattijo ya haƙura da fita. Tafiya mai nisa, irin ta zuwa Dass ko Alkaleri ko Darazo, a bar wa mota. Buhun masara da ragon Salla da jarkokin ruwa, a bar wa yara su ɗauko. Jera jikoki uku, ɗaya a kan tanki biyu a baya, don kai su makaranta, wannan ganganci ne ko ga saurayi. Babbar riga kuma a naɗe ta sosai, domin sau da yawa bakin riga ko jelar rawani ne ke shiga cikin waya ko sarƙa ya fizgo mutum ƙasa.

Maganar hular kwano tana bukatar a tsaya a kanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta sanya ta ranar 1 ga Janairu, 2009, amma aka mai da abin wasa, har a wasu garuruwa aka ga mahaya sun kifa ƙwarya a ka. Dattawa da yawa suna ganin hular ta rage musu kwarjini, ba ta kuma zama a kan zanna ko rawani. Amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna cewa hular kirki, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, tana rage raunin kai da kimanin kashi 69 cikin 100. Zanna tana iya shiga aljihu, in an isa a fito da ita a kafa. Dattijon da ya sa hular kwano ma ya yi wa unguwa wa'azin da ma'aikatan hukuma suka kasa yi cikin shekaru, domin yaran da ba sa jin maganar jami'i suna kallon abin da babba yake yi.

Akwai wani rukuni da hukuncinsa ya bambanta, watau dattawan da talauci ya tura sana'ar acaɓa. Ana ganinsu a bakin kasuwa da ƙofar asibiti, wasunsu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi wa ƙasa aiki shekara 35. Mata da yawa ma sun fi son hawa bayansu, saboda natsuwarsu da kamun kansu. Sai dai mai hawa don kansa da ransa kaɗai yake tafe, mai goyo kuwa amanar ran wani ya ɗauka, ga nauyin fasinja da kaya, ga wuni cikin rana. Wannan ba shi da hujjar ƙin a duba idonsa, kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa, waɗanda ba sa mantawa da karɓar kuɗin tikiti kullum, su ya kamata su shirya wa dattawansu wannan gwaji, su kuma taimaka wa wanda ya gaza ya koma wata hanyar abinci. Abin kunya ne ga al'umma a ce mai furfura yana tseren fasinja da sa'an jikansa don an riƙe masa haƙƙinsa.

To, yaya za a gane lokacin sauka ya yi? Alamun ba ɓoyayyu ba ne. In dattijo ya faɗi sau biyu cikin 'yan watanni ba tare da wani ya buge shi ba, in ya fara jin oda daga ko'ina bai san laifin da ya yi ba, in motoci suna ɓullo masa kamar daga sama, in jiri yana ɗibarsa, in ya taɓa ɓata a hanyar da ya sani tun yana yaro, ko kuwa in ya kasa tayar da babur ɗinsa da ya faɗi, to magana ta ƙare. Amma kafin a yanke hukunci a fara zuwa asibiti. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, da sashen ido. Aikin cire yana ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, mutane da yawa kuma sukan dawo da ganinsu bayansa. Wani dattijon tabarau kaɗai yake bukata, wani kuma a canza masa magani. Duba ido da awon jini da na sukari sau ɗaya a shekara bai kai kuɗin ɗori ɗaya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.

Su kuma 'ya'ya, ɓoye makulli ko haɗa baki da bakanike a ce babur ya lalace ba dabara ba ce, domin ranar da uba ya gane, an yi asarar yardarsa, zai kuma fita ne a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a nemi amininsa, ko ƙanensa, ko limamin unguwa, wanda zai gaya masa magana a matsayin tsara. Kafin a ce masa ya sauka kuma, a tanadi abin da zai maye gurbi: jikan da aka ɗora wa alhakin kai shi masallacin Juma'a da kasuwa, ko mai Keke Napep amintacce da aka yi yarjejeniya da shi ana biyansa a wata. Waɗannan su ne zagagen wannan zamani. Ɗan da ya ce "Baba a daina hawa" daga Abuja ta wayar tarho, bai aiko da ko sisin kwabo na mota ba, bai raba gardama ba, ya dai sauke nauyi daga bakinsa ne kawai.

Hukuma ma tana da nata kason. Jami'an kiyaye haɗurra da na kula da zirga-zirga na jiha suna iya haɗa kai da likitocin ido su riƙa kafa rumfar gwaji kyauta a kasuwanni da tashoshi, maimakon a riƙa ganinsu ranar kame kaɗai. Fitilun titi masu aiki, da cike ramuka, da hana manyan motoci ratsa tsakiyar gari a lokacin cinkoso, duk sun fi amfanar mai raunin gani fiye da kowa. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu a kan dokarta cikin 2018, ta kuma fara aiki cikin 2021, ya dace ta sa sufurin tsofaffi cikin abubuwan da take dubawa. Fiye da kome kuma, a biya 'yan fansho haƙƙinsu a kan kari, domin da yawa daga cikin masu furfurar da ke kan titi, da an biya su da tuni sun huta.

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Dattijon da ya yi shekara 50 a kan babur ya san abubuwan da ɗan acaɓan jiya bai sani ba, ya san haƙuri, ya san sauri ya haifi nawa, saboda haka bai cancanci a yi masa kallon yaro ba. Amma cikar wannan sani ita ce ya kai idonsa a duba, ya sa hularsa, ya rage hawansa gwargwadon ƙarfinsa, ranar da alamu suka bayyana kuma ya miƙa makulli da hannunsa, yana tsaye da ƙafafunsa, tun kafin a karɓe shi a gefen gadon asibiti. Allah Ya ƙara wa iyaye lafiya da nisan kwana, Ya kuma kiyaye hanya, amin.